Sintiri a Ƙirjin Kalilu

Duk wanda ya taɓa tsayawa shan shayi a rumfar Dalhatu, nan bakin iyaka ta Magama, ya san Kalilu. Ko bai san sunan ba ya san muryar, don ita ke fara tarbar mutum tun bai sauko daga mota ba. Tsoho ne dogo, mai jijiyoyi a damtse kamar saiwar gawo. Shekara talatin da 'yan kai ya yi yana kora jakuna ta ɓarauniyar hanya tsakanin Jibiya da ƙasar Maraɗi, a tafi da kananzir, a komo da atamfa da dabino. Kwastan na wannan gefe da takwarorinsu duwan na wancan gefe duk sun sha jin labarinsa, amma ba a yi wanda ya taɓa riƙe igiyar jakinsa ba. Da gwiwa ta fara yi masa gardama ya tuba, ya koma noman 'yar gonarsa ta Daddara. Abin da bai tuba da shi ba shi ne ba da labari.

Maciji ya sare shi sau biyu, ya tashi. Ruwan korama ya taɓa tafiya da shi da jaki uku, jakunan ba su dawo ba, shi ya dawo. Saboda haka da mura ta kama shi a tsakiyar damina, ko a jikinsa. Ya ɗaura rawani a wuya ya ci gaba da harkarsa.

Kwana biyar tana yi kamar za ta tafi. Ran na shida da hantsi, yana tsakiyar labari a rumfa, sai sanyi ya taso masa daga baya, haƙora suka shiga kaɗawa. Ya ja numfashi, wani abu ya soke shi a haƙarƙarin dama kamar an cusa masa basilla. Ya yi tari, kakin da ya fito launin tsatsa. Maza ya sa takalmi ya rufe shi da ƙasa.

Manu ne kaɗai ya gani. Manu Bafulatani ne, abokin tafiyarsa tun zamanin jakuna, ɗan siriri mara yawan magana. Shi ya raka shi gida, kuma a hanya ya saya masa wata kwalbar siro mai tsayar da tari a hannun wani ɗan koli da ya tsallako daga Nijar. Kalilu ya ce shi ke nan, gobe warhaka yana rumfa.

Gobe warhaka ko randar ruwa bai iya kaiwa ba sai ya huta a hanya. Salmatu, matarsa, ba ta nemi shawararsa ba, ta ɗauki waya ta kira jikarsu Ummusalma, wadda ke aikin jinya a wani ƙaramin asibiti a cikin gari.

Ta iso da la'asar da jakarta a kafaɗa, tun daga zaure tana kira.

"Wa ya kayar mini da miji? A fito da shi in gani."

"Ba wanda ya kada ni," in ji Kalilu daga kan tabarma, yana yi yana haki. "Hutawa nike. Ke kuma gado kika zo ci? To koma, da saura."

"Gadon mi, angona? Tsohuwar igiyar jaki da rediyon da ba ya kama ko'ina?"

Tana tsokanarsa tana aikinta. Ta ƙirga numfashinsa tana duban agogo. Ta maƙala masa wani ɗan abu a yatsa mai nuna yawan iskar da ke cikin jini. Ta ɗora abin sauraro a bayansa, hagu da dama, ta daɗe a dama. Da ta ɗago, wasan ya bar fuskarta.

"Kaka, ciwon haƙarƙari ne, wanda muke ce wa nimoniya. Ƙwayoyin cuta sun sauka cikin huhunka na dama. So samu ne ka kwanta asibiti."

"Ni? A gadon ƙarfe, da lamba bisa kaina kamar buhun da aka kama? Ba a haifi mai kai ni ba."

Ta sake duban abin yatsan. Iskar ta ragu, amma ba ta kai inda ake ɗaukar mutum dole ba. Ta fito da magani cikin leda, ta aje masa sharaɗi gaban Salmatu. Ƙwaya ɗaya safe, ɗaya rana, ɗaya bayan magariba, kwana bakwai cur. Za ta riƙa zuwa kullum. In numfashi ya ƙara gaza, ko ya tsallake magani, to sai Katsina.

"Ba barazana nake maka ba, Kaka. A shekarunka, wannan ciwon in ya kada mutum, aka tashe shi rabi da rabi, ya sake komowa, ba kasafai yake bari a tashi ba."

Sannan ta ga kwalbar siro a gefen matashi, ta jefa ta cikin jaka.

"Kai! Wanga ai fashi ne da rana! Shi kaɗai ke hana ni tarin."

"Shi ya sa na ɗauke. Kai da ka san iyaka, bari in tambaye ka. Daga nan zuwa Katsina shinge ɗaya ne?"

"Ɗaya? Yarinya, ni na san su tun suna igiya da gwangwani."

"To ƙirjinka ma haka. Shingen farko gashin hanci, shi ke tare manyan tarkace. Wanda ya wuce sai ya faɗa cikin majina, wadda ke shimfiɗe tun daga hanci har cikin maƙogwaro da rassansa, tana kama ƙwayoyin cuta kamar danƙo. A ƙarƙashinta akwai wasu 'yan gashi da ido ba ya gani, ba su da aiki sai shara, suna tura majinar sama da duk abin da ta kama. In shara ta taru, tari ne ke watso ta waje. Murar da ka raina ita ta karairaya masu sharar nan, ga sigarin da ka sha shekara ashirin dama ya gajiyar da su. Shinge ya faɗi, 'yan sumoga suka wuce har ƙasan huhu. Yanzu tarin nan shi ne ƙofar fitar da su, kai kuma ka sayo kwaɗo ka garƙame."

Kalilu ya ɗago kai. Abin da ya tsaya masa a rai ba kwalbar ba ce.

"Tsaya. A wanga labari naki, ni ne kwastan?"

"Kai ne iyakar gaba ɗaya."

"Innalillahi. Allah ya nuna mini ranar."

Kwana na biyu zazzaɓi ya yi masa rubdugu. Jiki kamar tanda, zufa ta jiƙa tabarma. Salmatu na shafa masa tsumma mai ruwa tana ɗura masa kunu da ruwa, yana ƙi tana ƙarawa. Da Ummusalma ta zo da safe, ya ce ta gaya masa gaskiya, waɗanne ne ke hura masa wutar nan, nasa ko baƙin?

"Naka ne. Su ke ɗaga zafin, don ƙwayoyin cuta ba su jin daɗin haihuwa cikinsa, su kuma ma'aikatanka sun fi sauri. Zan ba ka abin da zai sassauta shi ka samu barci, amma ba abokin gaba ba ne."

Ta zauna a bakin tabarma ta ba shi sauran. Can ƙasan huhu, ta ce, akwai 'yan jakunkunan iska masu yawan gaske, kamar saƙar zuma, a nan iska ke shiga jini. A cikinsu akwai masu sintiri da ba su barin wurin, aikinsu in sun ga baƙo su haɗiye shi ɗungurungum. Kullum suna yi, ba wanda ke sani. Amma in baƙi suka yi musu yawa, sai su aika saƙo cikin jini a kawo ɗauki. Nan take wasu fararen ƙwayoyin jini su taso daga cikin ɓargo, dubu bisa dubu, su huda ta bangon jijiya su faɗa cikin jakunkunan. Su waɗannan ba su san ja da baya ba, su kashe, a kashe su. Gawarsu da ta baƙin da ruwan da ya biyo su, su ne suka cika jakunkunan har iska ta rasa wurin zama. Su ne hakin, su ne kakin.

"To in suna da yawa haka, mi ya hana su gama da 'yan banzan?"

"Ka taɓa kama tarwaɗa da hannu a dam?"

"Ni da na kama mai tsawon..."

"Na sani, mai tsawon jaki. Yaya take a hannu?"

"Santsi. Sai ka bulbula mata toka ko yashi."

"To wannan ƙwayar cutar riga gare ta mai santsi. Masu haɗiya su cafka, ta sulluɓe. Jikinka na can yana haɗa tokar da ta dace da ita, wadda za ta manne mata a samu wurin riƙo. Amma haɗa ta na cin kwanaki, kusan mako, kuma a jikin tsoho aikin ya fi nawa. Maganin nan shi ne ƙarin ma'aikatan da aka turo daga nesa su riƙe wuri, suna fasa bangon ƙwayoyin, kafin naka su gama shiri."

Kalilu ya shafa haƙarƙarinsa a hankali, kamar mai lallashin doki.

"Ku yi haƙuri, samari," ya ce. "Da can ban san darajar aikinku ba."

Ranar kwana na huɗu ya farka garau. Zazzaɓi ya sauka, basillar ta koma ɗan tsinke. Ya shanye kwanon kunu ya nemi ƙari, ya fito tsakar gida ya zauna ƙarƙashin dalbejiya yana yi wa kaji faɗa. Da hantsi Manu ya zo duba shi, yana tafe yana ƙwaƙ-ƙwaƙ da tari, hanci na zuba.

To akwai wata ƙa'ida ta 'yan jakuna wadda suke ce wa rabon hanya. Abin da ke cikin burgamin ɗaya, na su biyu ne. Ruwa ne, kurɓi-kurɓi. Goro ne, a ɓare. Ko dabino guda ne sai an tsaga. Kuma abin da aka raba ya rabu: mai bayarwa ba ya karɓewa, mai karɓa ba ya mayarwa. Wanda ya karya wannan, ba mai sake bin daji da shi. Kalilu da Manu sun bar daji da daɗewa, amma ba su taɓa barin ƙa'idar ba.

Kalilu ya dubi abokinsa yana tari, ya dubi ledar magani. Bai ma yi dogon tunani ba. Ya zazzage ta a tafin hannu, ya raba biyu daidai, ya miƙa.

"Amshi. Wanga magani bindiga ne. Kwana ukku ya tashe ni, sauran duk ƙawa ce."

Manu ya karɓa da hannu biyu, ya jefa ɗaya a baki ya kora da ruwan buta, ya ƙulle sauran a bakin rawani. Suka miƙe ƙafa suka shiga hira. Kalilu ya ba shi labarin yaƙin da ake yi a ƙirjinsa, ya ƙara gishiri inda ya ga Ummusalma ta rage. Da ya zo kan ƙarin ma'aikata daga nesa, Manu ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Ka tuna shekarar da aka turo ƙarin masu sintiri daga Katsina? Motoci biyu, kowace hanya an tsare. Aka kama su Mahmudu da jakunansu tas."

"Mu fa?" in ji Kalilu, ƙirji a buɗe. "Gaya wa Salmatu, tana madafa tana ji."

"Mu muka shige kwazazzabo muka lafe. Mun ɗaure bakin jakuna, ba wuta, ba motsi, sai garin kwaki da ruwa. Suka ga daji ya yi tsit, suka ce an gama da 'yan sumoga. Kwana ukku suka koma inda suka fito." Manu ya tafa hannu. "Ran na huɗu muka fito, har da waƙa."

Kalilu ya buɗe baki zai ƙarasa labarin, don wurin da ya fi so ke nan. Sai ya fasa. Ya dubi ledar da ta rage a cinyarsa. Ya ja numfashi a hankali har ƙasa, ya ji ɗan tsinken nan yana nan daram a haƙarƙarin dama, shiru, bai tafi ko'ina ba.

"Manu."

"Na'am."

"Lafewa suka yi."

"Su wa?"

"'Yan banzan cikin ƙirjina. Ba ƙarewa suka yi ba. Sun ɗaure bakin jakunansu suna jira motoci su koma." Ya buga cinya. "Mugu shi ya san makwancin mugu! Ni za a yi wa wanga wasa? Ni da na ƙirƙiro shi?"

Manu ya gane. Hannunsa ya tafi bakin rawani.

"Kul!" in ji Kalilu. "Mayar mini za ka yi? Zagina za ka yi a gidana?"

"To kai ka karɓa."

"In karɓe rabo? Gara a kai ni Katsina a buɗaɗɗiyar mota."

Suka dubi juna, tsofaffi biyu da magani a tsakaninsu. Can Manu ya kawo dabara. Tunda abin da ke rawaninsa yanzu nasa ne, ai ƙa'ida ta ce ya raba da abokin tafiya. Ya kwance, biyar ne. Ya ba Kalilu biyu, ya riƙe biyu, suka tsaya kallon ta biyar ɗin, wadda gari ne a cikinta, ba ta tsaguwa kamar goro.

"Ko an tsaga ta ba su cika ba," in ji Kalilu. "Ta ce bakwai cur."

"Sai in sake raba nawa."

"Ka yi ta rabawa har Sallah, kullum da saura a wurinka."

Daga madafa aka ji Salmatu tana dariya har da riƙe ciki. Ta leƙo da muciya a hannu.

"Malam, ga waya can bisa taga. Ko in kira maka ita?"

Kalilu ya dubi wayar kamar kunama. Shekara talatin bai taɓa tsayawa gaban ma'aikaci ya ce ga abin da na ɗauko ba. An tsare shi, an yi masa tambaya da Turanci, an yi da Faransanci, bai taɓa amsa ko ƙyalle ba. Ya sake jan numfashi, tsinken ya sake taɓa shi. Ya miƙe da kansa ya ɗauko wayar, ya ba Salmatu ta latsa masa lambar.

"Amarya," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "In kin samu sarari ki biyo. Na yi ɓarna."

Kafin azahar ta iso. Ta saurari bayanin tun daga farko ba ta katse shi ba, sai dai tana danne dariya. Da ya kai ƙarshe ta juya wajen Manu.

"Baffa Manu, juyo mini bayanka."

Ta saurari ƙirjinsa sama da ƙasa, ta duba zafin jikinsa, ta maƙala masa abin yatsa.

"Huhunka fes. Mura ce kawai, kuma irin ƙwayar da ke kawo ta maganin nan ko gezau ba ya sa ta. Masu gadinka sun ishe ta. Ka sha ruwa, ka huta, in ta wuce mako biyu ko zazzaɓi ya taso ka zo in gani." Sai ta tsuke fuska, ta miƙa tafin hannu. "Yanzu kuma, an same ka da kayan da ba ka da takardarsu. Fito da su."

Manu ya dubi Kalilu. Kalilu ya dubi sama, yana shafa gemu.

"Kama kaya ne wanga," ya ce a hankali. "Ba mayarwa ba ne."

"Ba karɓewa ba ne kuma," in ji Manu.

"Abin da hukuma ta kama, ai ba ruwan ƙa'ida."

Manu ya zube ƙwayoyin a hannunta, har da ɗan rusunawa. Ta haɗa da biyun da ke wurin kakanta da na cikin ledar, ta ciro ɗaya daga jakarta ta cike gurbin wadda aka haɗiye. Amma ledar ba ta koma hannun Kalilu ba, Salmatu aka damƙa wa. Nan take aka ba shi ta rana, ya haɗiye yana harare-harare.

"Karon farko ke nan da aka kama mu," in ji Manu.

"Kai aka kama. Ni kai kaina na yi."

Ranar kwana na bakwai, kafin magariba, Ummusalma ta sake ɗora abin sauraro a bayansa. Ta ce iska na shiga har ƙasa. Akwai sauran ɗan ƙas-ƙas, kuma tarin zai ɗan jima, don masu sintirin nan na asali yanzu sun koma kwasar gawa da gyaran wuri, aikin da kan ci makonni. Jikinsa kuma ya riƙe kamannin wannan baƙon, in ya sake leƙowa za a gane shi da wuri, sai dai danginsa suna da yawa, kowanne da irin rigarsa, don haka kada ya ɗauka ya sha gaban ciwon har abada.

"Su waɗanda suka zo ɗaukin, nawa suka mutu?" ya tambaya.

"Ba su ƙirguwa, Kaka. Sun fi mutanen Jibiya da Maraɗi a haɗe, nesa ba kusa ba."

Kalilu ya cire hula ya riƙe a hannu. Ya daɗe yana kaɗa kai.

"Salmatu! Jiƙa gero. Gobe a yi gumba a raba wa maƙwabta, sadakar bakwai ta samarin nan."

"A'uzubillahi! A ga gumba na fita daga gidan nan, gari ya ɗauka kai ne ka tafi? Kafin hantsi an cika mini zaure da 'yan gaisuwa."

"Su zo mana, in tarbe su da kaina."

"Wallahi ba da gerona ba."

Ummusalma ta share hawayen dariya, ta ce in dai alheri yake son yi, waɗanda suka rage suna nan da rai, kuma ɓargon da ke haifar sababbi abinci yake nema, nama da wake da ganye.

Kalilu ya mayar da hularsa, ya gyara mata zama. Ya waiga tsakar gida, idonsa ya sauka kan jan zakaran Salmatu, wanda ke tsaye bisa turmi yana taƙama.

"To kin ji likita," ya ce. "Kamo wancan."